Sabara da Gwanayen da Suka Iya Rayar da Ita

Ko ta wace ƙofa mutum ya fita daga birnin Katsina da bazara, ya nufi Jibiya ko Kaita ko Daura, da zarar gidaje sun ƙare gonaki sun fara zai ga ƙasa ta yi fari fat, karan gero duk an kwashe, dabbobi sun lashe sauran. Abin da zai rage yana motsi cikin iska shi ne wani ɗan icce mai launin toka-toka, wanda da ƙyar yake wuce ƙugun mutum, a warwatse nan da can cikin jigawa. Sabara ke nan. Ba ta da inuwar da za a shimfiɗa tabarma, ba ta da 'ya'yan da yaro zai jefa ya tsinta kamar magarya ko kanya, ba a sassaƙa turmi da ita. Saboda haka idan ana lissafin itatuwan gona sai a ambaci gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya, ita kuwa a haɗa ta da ciyawa. Mai sayen fili ma da ya gan ta sai ya ce wurin daji ne, a kira yara su tuge.

Amma akwai manoma a ƙasar Katsina da Daura, da ƙetaren iyaka wajen Maraɗi da Tasawa, waɗanda suka mayar da rainon wannan ɗan icce wata sana'a mai ƙa'ida. Sun san lokacin sara da lokacin ɗaga hannu, sun san yadda ake fitar da sabara goma daga gindi ɗaya ba tare da an sayi leda ko an ɗebo ruwa ba. Ba su da takardar shaida, ba a kuma kiran su taron dashen itatuwa. Ni dai a ganina sun fi yawancin masu halartar taron sanin icce.

Masana tsirrai suna kiran sabara Guiera senegalensis, kuma dangi ɗaya take da geza da taramniya da marke da baushe. Tana nan tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan, a duk faɗin yankin da damina ke gajarta, ƙasa kuma ta zama rairayi. Idan aka ƙyale ta takan kai mita biyu ko uku, wani lokaci ma ta ɗara, sai dai ba a cika ƙyale ta ba. Ganyenta ƙanana ne, biyu-biyu suna kallon juna a jikin reshe, in ka juya bayansu za ka ga ɗigo-ɗigon baƙi. Furenta ƙulli ne mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, 'ya'yanta kuwa sirara ne masu gashi mai laushi, suna fitowa a dunƙule daga wuri ɗaya. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa ya kuma tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fitar a 1916, ya sa ta cikin lissafinsa, a babban littafinsa na 1937 kuma ya kawo amfanin da mutane ke yi da ita.

Abin da ido ke gani a sama kaɗan ne daga cikinta. Jikin sabara na gaske yana ƙarƙashin ƙasa: kututture mai kauri wanda zai iya girmar manomin da ke sare shi, da saiwoyi iri biyu, wasu suna yaɗuwa kusa da sama, wasu suna nutsawa mita da yawa har inda laima ba ta ƙarewa ko da rani. Shi ya sa take da ganye a watan Maris da Afrilu, lokacin da ciyawa ta zama tarihi. Shi ya sa kuma a sare ta ƙasa-ƙasa bana, a sa mata wuta, baɗi ta fito kamar ba a yi ba. Mai raino ya san ba da reshe yake mu'amala ba, da wannan gindin yake yi, kuma duk dabararsa a kan haka aka gina ta.

Tun kafin a auna komai manoma sun lura cewa geron da ya fito kusa da gindin sabara ya fi na fili tsawo da kauri. Dalili na farko a bayyane yake. Iskar hunturu da guguwar bazara suna kwashe turɓayar gona mai kyau, sabara kuwa tana tare ta, tare da guntayen kara da ganye da kashin awaki, har gindinta ya zama ɗan tudu. Wannan tudun taki ne da iska ta kawo kyauta. Wani Bajamushe mai bincike, Alexander Wezel, ya auna haka a gonakin gero na yammacin Nijar, ya wallafa a shekarar 2000 cewa ƙasar gindin sabara ta fi ta fili sinadaran da shuka ke ci, geron kusa da ita kuma ya fi bayarwa. Dalili na biyu sai da aka sha wuya kafin a gano shi. A Keur Matar Arame, kusa da birnin Thiès na Senegal, Farfesa Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio da Ibrahima Diedhiou da abokan aikinsu sun daɗe suna gwaji a kan wannan icce. A 2018 suka ba da rahoton wani gwaji mai ban sha'awa: sun shayar da saiwoyin sabara na can ƙasa wani ruwa mai alama da na'ura ke iya ganewa, bayan sun hana gonar ruwa da gangan. Cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki sai ga ruwan nan a jikin geron da ke gefe. Ashe da dare, idan ganye ya daina fitar da ruwa, saiwar ƙasa tana ci gaba da jawo shi, sai ya tsattsafo ta saiwoyin sama ya jiƙa busasshiyar ƙasar da gero ke ciki. A wancan gwajin na fari, geron da ke tare da sabara ya ninka wanda babu ita kusan sau goma a nauyin abin da ya fitar. Ga ƙasa irin ta Katsina, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 700 ba, kuma yakan ɗauke mako biyu ko uku daidai lokacin da gero ke neman shi, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

To, sai dai sabara ba waliyyiya ba ce. In aka bar ta ta yi yadda take so, za ta rufe gona, ta shanye hasken da ƙaramin gero ke bukata, ta zama maɓoyar ɓera da maciji da tsuntsaye. Manomin da ke sare ta ba wawa ba ne. Gwaninta tana cikin yadda ake saran.

Sassabe na gargajiya kowa ya san shi. Da bazara ta kama, a shiga gona da gatari da adda, a kwantar da duk abin da ya tsiro, a tara, in ya bushe a cinna wuta. Gona ta yi tas, maƙwabta su ce wane manomi ne. Gwanin sabara ba haka yake shiga ba. Da farko yawo yake yi cikin gonar hannu a baya, yana karanta kututture ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana tsakiyar inda gero zai zauna, to a sare shi ƙasa-ƙasa, amma kada a taɓa gindin. Wancan yana kan iyaka ta gabas, inda iskar hadari ke shigowa tana binne sabuwar shuka da rairayi, shi za a bar masa tsawo ya zama garkuwa. Na can yana bakin wani ɗan kwari da ruwa ya fara ci, ba a ma kusantarsa da ƙarfe. Wani kuma ba sabara ba ce tsantsa, ɗan gawo ne ko kalgo ko aduwa ya fito a tsakiyarta ya ɓuya daga bakin akuya. Wannan shi ne babban abin da ido ke nema, domin sabara takan yi wa manyan itatuwa reno, kuma wanda bai duba ba sai ya kashe gawon shekara hamsin masu zuwa da sara ɗaya.

Idan an zo kan gindin da za a raya, yakan tarar da toho ashirin ko talatin sun fito a cunkushe, kowanne siriri, suna cinye ƙarfin juna. Zai zaɓi uku zuwa biyar, waɗanda suka fi miƙewa da kauri kuma ba su haɗu wuri ɗaya ba, ya cire sauran. Waɗanda ya bari zai share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa wajen rabin tsawonsu, ba zai wuce nan ba, don sandar da aka yi wa aski har ƙoli iska ce ke karya ta, ko akuya ta tanƙwaro ta. Ƙarfen kuma dole ya zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya sara daga sama zuwa ƙasa reshen zai ɓalle ya tafi da ɓawo, ya bar rauni mai tsawo, gara da ruɓa su sami ƙofa. Za ka ji dattijo yana ce wa ɗansa, "Kai, ɗaga hannunka. Ba gaba kake da ita ba." Abin kamar wasa, amma a wannan ɗan bambancin na juya adda ake gane wanda ya iya.

Me ya sa ba za a bar sanda ɗaya tak ba? Saboda gida yana bukatar itace duk shekara. Mai sanda biyar zai sare babbar bana, ya bar wani sabon toho ya maye gurbinta, baɗi ya sare ta biyu, haka har ya zagayo. Gindin ba ya taɓa zama tsirara, murhu kuma ba ya rasa ƙirare. In kuwa ɓarawon itace ya biyo dare ya sare ɗaya, saura na nan.

Sai maganar ganyen da aka sare, inda a nan ne sabon ilmi da tsohuwar al'ada suka rabu. Wuta tana ba da toka, toka kuwa tana da ɗan amfani, amma yawancin abin da ganyen ya tara yana tafiya cikin hayaƙi, sauran iska ta ɗauke. Gwani yakan baza rassan a kan ƙasa, musamman inda ta yi fako, ya bar su kwanaki har ganyen ya kakkaɓe. Sai mata su zo su kwashe sandunan su kai gida, ganyen ya zauna. Yana rufe ƙasa daga zafin rana, yana tare turɓaya, gara kuma ta taso ta ci ta huda ƙasar da ƙananan ramuka, ruwan farko ya sami hanyar shiga maimakon ya gudu. Wurin da ya gagari hauya shekaru, da haka ake lallashinsa. Aikin kuma bai ƙare da bazara ba. Da ruwa ya sauka sabarar da aka sare za ta yunƙuro da sauri fiye da gero, don haka a noman firi a sake datse tohon a watsa tsakanin kunya, a maimai ma haka. In gero ya yi kai ya fi ƙarfin inuwarta sai a sakar mata, ta yi girmanta da kaka, ta tsare gonar har wata bazarar. Masu binciken Senegal sun kai ga wannan tsarin ne da ma'auni, har suka nuna gona tana ɗaukar gindi wajen 1,500 a hekta ɗaya in ana datsewa a kan kari, alhali abin da aka saba gani a gonakin manoma bai wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Wannan hanya ta zaɓen toho tana da tarihi a maƙwabtanmu, kuma tafiyar ba ta da nisa, don daga Katsina zuwa Maraɗi bai cika kilomita 100 ba. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi aikin gona ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM a farkon shekarun 1980, ya yi ta dasa itatuwan leda suna mutuwa. A 1983, ya tsaya a hanya zai rage iskar taya don ya wuce rairayi, sai ya duba wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce, ya gane ashe icce ne da aka sare yake ƙoƙarin dawowa. Ya waiga ya ga irinsa ko'ina. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen can suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Buhari ta yi, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Da abinci ya ƙare mafi yawan mutane suka sare abinsu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itace, suka ga harawa, suka ga gero bai ragu ba, maƙwabta suka fara leƙowa. Sassabin zamani, haka aka riƙa kiran abin. Bayan shekara ashirin, da Chris Reij da Gray Tappan da masanin Nijar Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka kuma taka ƙasa, sai suka kiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. A hotunan da ake yaɗawa gawo ne ke cin suna saboda shi ke da girma. Amma wanda ya shiga gonakin Agye da Tasawa ya ƙirga gindi-gindi zai tarar sabara da kalgo suna cikin waɗanda suka fi yawa. Kuma gaskiya ita ce Bature bai ƙirƙiro barin icce a gona ba, kakanninmu sun yi. Abin da ya yi shi ne ya tsaya kai da fata a lokacin da gona mai tas ta zama abin alfahari.

Duk wannan ga wanda ke da kututture ne. Wanda ya gaji gonar da aka tuge komai fa, ko yake son ya cike gurbin da ke tsakanin gindi da gindi? A nan ne sashe na biyu na sana'ar yake, wanda ya fi burge ni, wato kwantar da reshe.

Sabara da kanta ta koyar da shi. Reshen da ya kwanta ƙasa, rairayi ya hau kansa, damina ta same shi a haka, yakan fitar da saiwa a inda ya binnu, kansa kuma ya ɗago ya zama sabon icce. Wanda ya tona tudun tsohuwar sabara zai ga yadda 'ya'ya ke zagaye da uwa, kowanne da igiyar da ta haɗa su a ƙarƙashi. Gwani yana yin abin da iska ke yi bisa kuskure, amma shi da niyya, kuma zuwa inda yake so. Yana jira sai ruwa ya zauna sosai, ƙasa ta jiƙu har ƙasa, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don reshen ya sami marka gaba ɗaya a gabansa. Yana neman reshe na gefe, dogo, wanda bai tsufa ya yi tauri ba, bai kuma yi ɗanyen da zai ruɓe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu magana, a nan kuwa ba misali ba ne, aikin ke nan. Zai tona ɗan rami mai tsawo, zurfinsa kamar tafin hannu, daga gindin uwar zuwa waje. Ya zage ganyen sashen da zai shiga ƙasa. Wasu sukan ɗan kankare ɓawon ta ƙasa da wuƙa, daidai gaɓa, domin a wurin rauni saiwa ta fi saurin fitowa. Sai ya kwantar da reshen a hankali, yana bin lanƙwasarsa don kada ya tsage daga gindi, ya danne shi da 'yar gwafa ko dutse, ya mayar da ƙasa ya taka. Kan reshen, mai ganye kamar ɗani ɗaya, shi ake bari a waje, a kafa masa tsinke a ɗaure ya kalli sama.

Daga nan sai haƙuri. Kyawun dabarar shi ne ɗan ba ya rabuwa da uwa sai ya iya ciyar da kansa. Ko ruwa ya ɗauke mako uku, tana shayar da shi daga wancan zurfin da tsiron leda ba zai kai ba sai bayan shekaru. Mai gaggawa yakan tona ya duba ko saiwa ta fito, ya kakkarya ta. Gwani ba ya tonawa. Sabon ganye yake kallo a kan reshen, in ya ga yana fitowa da ƙarfi, ya ɗan ja a hankali ya ji ƙasa ta riƙe, ya san an kama. Ko a lokacin ba ya yankewa. Yakan bar su tare su ƙetare rani, sai wata daminar ta zauna ya sa wuƙa tsakani. In a wurin yake son sa, shi ke nan. In wani wuri zai kai shi, ya haƙo shi da ƙasarsa da yamma, ranar da aka yi ruwa, ya rage masa ganye, ya dasa. Daga gindi ɗaya mai ƙarfi ana iya kwantar da rassa da dama a shekara, kowanne ta fuskarsa, in ana son shinge kuwa sai a riƙa kwantar da su ta fuska ɗaya, bana daga uwa, baɗi daga 'ya, layin yana tafiya da kansa a kan iyakar gona. Masu bincike na Burkina Faso da Nijar, cikinsu har da Babou André Bationo, sun gwada wannan hanya a kan sabara suka wallafa a 2005 cewa tana aiki kuma kusan ba ta cin kuɗi.

Iri ma ana yi, sai dai ya fi wahala. A tsinko 'ya'yan in gashinsu ya bushe kafin iska ta raba su, a shuka a leda mai rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a yi ta ban ruwa da rani, a dasa da damina kafin saiwar ta huda leda ta nannaɗe. Wanda ba shi da sabara ko ɗaya kusa, wannan ce hanyarsa. Amma tsiron iri shekararsa ta farko duk a hannun Allah take, ga fari ga baki.

Bakin kuwa shi ne rabin matsalar. Da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi, kuma ko da yake ganyen sabara yana da ɗaci-ɗaci da bauri, ba shi ne zaɓin farko na akuya ba, in rani ya yi nisa komai ci take yi, raƙumi ma haka. Tsohon gindi bai damu ba, kiwo ma aski ne a wurinsa. Sabon kwanto ne ke bukatar a rufa masa ƙayar magarya ko ta aduwa. Sauran rabin matsalar mutane ne. Icce a gona da rani, a al'adarmu, kusan na kowa ne. Matar da ta fito neman ƙirare ba ta ga dalilin da za ta wuce sanda miƙaƙƙiya ta tafi neman karkatacciya ba, kuma ba za a ce ta yi laifi ba tunda tuwo ba ya dahuwa da nasiha. Shi ya sa gwanin sabara na gaske sai ya haɗa da iya zama da mutane. Yakan ɗaura ƙyalle a sandunan da ya zaɓa don a san da mai su. Yakan bar rassan da ya datse a gefen hanya, mai bukata ya ɗauka. Yakan je wurin mai unguwa da ardo tun kafin a yi rigima. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye sai da mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido, da mata da makiyaya a ciki, kafin abin ya zauna. Gwamnatin Nijar ma ta gane cewa manomin da ke tsoron malamin daji zai ci shi tara a kan iccen da ya raina da hannunsa ba zai raina ba, ta gyara dokar daji a 2004, ta kuma fitar da wata doka a 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin abin da ya raya a gonarsa.

Amfanin sabara a gida ba sai an gaya wa Bakatsine ba. Ganyenta yana cikin abin da ake dafawa a ruwan wankan jego. Ana jiƙa shi ko a dafa a sha don ciwon ciki da gudawa da tari. Fulani suna turara shi a garke don korar ƙudaje, ana yin asuwaki da saiwarta, ana kuma saƙa rassanta a shinge da gindin rumbu. Masana harhaɗa magunguna a jami'o'inmu da na waje sun sami sinadarai a cikinta masu yaƙar wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Daga nan zuwa abin da masu lasifika ke faɗa a bakin kasuwa, cewa tana warkar da daji da suga da duk abin da ya gagari asibiti, akwai tafiya mai nisa, kuma wanda ya bar maganin likita ya koma wa wannan alkawari ya cuci kansa. Abin da ya fi damuna a cinikin shi ne masu haƙo saiwa buhu-buhu su kawo birni. Mai tsinkar ganye baɗi zai dawo ya samu. Mai haƙar saiwa ya ci na bana ya ci na jikoki.

Katsina ba baƙuwar dashen itatuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1980, daidai lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1987, shirin dashen itatuwa da ƙungiyar ƙasashen Turai ta tallafa ya kafa gandun reno da jerin itatuwan tare iska a arewacin jihar, kuma da yawa daga cikin bedin da ke ba da inuwa a ƙauyuka da makarantu albarkacin irin wannan aiki ne. Jihar tana kuma cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015, take aiki a ciki. Ba na raina ko ɗaya. Amma je ka wurin masu sayar da tsirrai a bakin titunan birni ka tambayi sabara, za a nuna maka bedi da turare da mangwaro da furannin ƙasashen waje, a kuma yi maka kallon wanda ya zo sayen rairayi. Tsiron leda yana da rasit, ana iya ƙirga shi a rubuta a rahoto, ana iya ɗaukar hoton babban mutum yana zuba masa ruwa. Tohon da manomi ya ƙi sarewa ba wanda ya ci kwangilarsa. A halin yanzu birni yana cin jigawar da ke kewaye da shi ta wajen Batagarawa da hanyar Jibiya da ta Daura, gona tana zama fuloti, tsadar gas da kananzir kuma ta mayar da gidaje da yawa kan itace da gawayi.

Babban abokin gabar sabara a gonar da ta rage shi ne tarakta. Gatari yana sare kai ne kawai, faifan tarakta kuwa yana tsinke saiwoyin sama, direba kuma ba ya son kututture don yana ɓata masa ƙarfe, sai ya ce a tuge kafin ya shigo. Garmar shanu ta fi sauƙin kai, ana iya kauce da ita. Masu dabara sun samo mafita a nan ma: maimakon su bar gindi a warwatse yadda Allah ya tsiro da shi, sai su riƙa kwantar da rassa a jere, layi-layi, a gicciye da hanyar iska ko gangaren ruwa, su bar tsakanin layi da layi faɗin da garma ko tarakta za ta wuce ta juyo. Waɗanda suka faɗo a tsakiyar hanya a datse su ƙasa-ƙasa kowace shekara, na kan layi a bar musu sandunansu. Kafin layin ya haɗe ya zama shinge yakan ɗauki damina huɗu ko biyar, kuma a shekarun farko dole a gaya wa direba tun daga bakin gona inda zai ɗaga faifansa.